Tsohuwar GRA, Sabuwar Unguwa, Rukunin Gidaje ko Cikin Gari: Ina Ya Fi Dacewa Ka Zauna a Kano?

Wani ƙanina, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, yana da shago a Kantin Kwari, kuma Allah ya buɗa masa a 'yan shekarun nan. Iyali sun ƙaru, ciki da falon da yake zaune a gidan gado sun yi masa kaɗan, dillalai kuwa sun sa shi a gaba da hotuna a waya: ga fuloti a Danbare, ga gida a Kwankwasiyya, ga wani tsohon gida a Nasarawa da magada ke son rabuwa da shi. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci ya ce da ni, "Yaya, kai da ka riga mu fita daga cikin gari, da za a mayar da kai baya, ina za ka zaɓa?" Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, don na san masu irin wannan ruɗanin suna da yawa a garin nan.

Abin da na fara gaya masa shi ne, kuɗin sayen gida sau ɗaya ake biyan sa, kuɗin zama a cikinsa kuwa kullum ne. Yawancinmu na farkon muke lissafawa, na biyun sai mun tare yake bayyana.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko takarda, kuma ita ce uwa. Tun daga dokar filaye ta 1978, ƙasar cikin birane tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, wanda shaidar mallaka ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma sauya sunan mai ita yana buƙatar amincewar gwamna. A Kano filaye kashi biyu ne a bakin mutane: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati yana da taswira, an fitar da tituna da filin makaranta da na masallaci tun kafin a sa bulo. Awon igiya kuwa gona ce mai ita ya yanka ya sayar, shaidarka takardar ciniki da hannun mai unguwa ko dagaci. Ba haramun ba ne, unguwanni da yawa haka suka tashi, amma ranar da titi ya biyo ta kanka ko wani ya fito da takarda ta biyu, za ka san bambancin. Wanda ya ga rusau na watan Yunin 2023, daga filin Idi zuwa tsohon otal ɗin Daula zuwa Salanta, ya san ko takardar gwamnati ma sai an tambayi asalin filin: makaranta ce a da, ko makabarta, ko gefen badala? Kafin ka biya ko sisi, ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a duba lambar filin, sannan ka tabbata KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, za ta ba ka izinin gini a wurin.

Na biyu kuɗi, na shiga da na zama. Na uku ruwa da wuta. Na huɗu hanya, wato nisan gida da inda kake neman abinci da inda yara ke karatu. Wannan ma'aunin ya yi nauyi ƙwarai tun 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai: kafin ranar litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu ɗaya. Gidan da ake ganin nisansa ba komai ba ne a da, yanzu nisan ya zama haya ta biyu. Na biyar tsaro. Na shida mutane: wa zai buga maka ƙofa idan ba a gan ka a sallar asuba kwana biyu ba? Na bakwai darajar gidan nan da shekara goma, da sauƙin sayar da shi in buƙata ta taso.

Tsohuwar GRA: Nasarawa da Bompai

Nan Turawa suka yanka wa kansu bayan sun ci Kano a 1903, shi ya sa filayen suke da faɗi, tituna a miƙe, ga darbejiya da mangwaro masu shekaru. Duk wanda ya bi titin Sultan ko Lamido ko Alu da tsakar ranar watan Afrilu ya san inuwar wurin daban take. Gidan gwamnati yana nan, sakatariyar Audu Bako tana nan, asibitin Nasarawa yana nan, hedikwatar 'yan sanda tana Bompai. Daga nan zuwa Kwari ko Singa ko Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce in ba cunkoso.

Ta fuskar takarda nan ne mafi kwanciyar hankali, don kusan kowane fili yana da tsohon fayil. Matsalar ita ce yawancin gidajen da ke fitowa kasuwa na gado ne, ko kuma babban fili ne aka tsaga gida huɗu ko shida. In na gado ne, ka tabbata duk magada sun sa hannu, har da matan da ke aure a wani gari. In tsagi ne, ka tabbata an raba takardar a hukumance, kada a ba ka hoton shaidar mallakar uwar fili a ce ta wadatar.

Kuɗin shiga shi ne mafi tsada a jerin nan, da tazara mai yawa. Kuɗin fili tsirara a nan zai gina maka gida har da kayan ɗaki a bakin gari. Kuɗin zama ma ba wasa ba ne: maigadi, mai shara, mai ban ruwan fulawa, ga tsohon gini mai neman gyaran rufi da wayoyin wuta. Wuta ta fi samuwa a layuka da dama, amma ka tambayi rukunin da layin yake. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin layukan da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Mai na'urar sanyaya ɗaki uku ko huɗu zai ji a jikinsa.

Abu ɗaya da dillali ba zai faɗa maka ba: GRA ɗin tana rikiɗa. Gidan da ke jikinka yau, gobe ya zama makaranta, ko asibitin kuɗi, ko wurin cin abinci, ko ɗakin taron biki mai kiɗa har dare. Wannan yana ɗaga darajar filinka, amma yana cinye shirun da ka biya kuɗi dominsa. Maƙwabtaka kuwa ta katanga ce. Kana iya shekara ba ka ga fuskar na kusa da kai ba sai gilashin motarsa.

Sababbin unguwannin masu hali

Nan ne hankalin mafi yawan masu tambaya yake, nan kuma na fi sani, don nan nake zaune. Ina nufin irin su Janbulo, Tudun Yola, Rijiyar Zaki da Danbare a kan titin Gwarzo har zuwa sabuwar jami'ar Bayero, da Hotoro da Mariri ta titin Maiduguri, da Jaba ta wajen filin jirgi. Wasu sun riga sun cika sun zama gari, wasu har yanzu za ka ga bene mai tayil da get mai sheƙi, a jikinsa kuma gonar gero. Birnin ya daɗe da tsallake ƙananan hukumomin tsakiya, yanzu cikin Kumbotso da Ungogo yake ta ci.

Daɗin wurin a fili yake. Kai za ka zana gidanka yadda kake so: falon baƙi da ƙofarsa daban, sashen iyali daban, tsakar gida mai shan iska, wurin ajiye mota biyu, har da ɗan wurin ragon layya. Maƙwabta galibi tsararka ne, 'yan kasuwa da malaman jami'a da likitoci da ma'aikatan banki, masu yara ƙanana kamar naka. Makarantun kuɗi da Islamiyyu suna bin mutane duk inda suka tare, haka kantuna da masu gas da kemis. Daraja kuma tana hawa da sauri fiye da ko'ina, musamman in kwalta ta shigo layin.

To amma fa ka sani, a sabuwar unguwa kai ne gwamnatin kanka. Ruwan famfo daga Tamburawa ko Challawa bai isa yawancin waɗannan wurare ba, don haka burtsatse dole ne, da tanki, da abin da zai ja ruwan. Kuma ƙasar Kano ba ɗaya ba ce: wani layin a yi haƙa kaɗan a sami ruwa, wani a tarar da dutse a yi ta asara, wani kuma ruwan ya ja baya a watan Afrilu da Mayu lokacin da aka fi buƙatarsa. Kafin ka sayi fili ka shiga gida uku na kusa ka tambayi zurfin burtsatsensu da yadda yake yi da bazara. In ka ga 'yan garuwa suna ta kai da komo da kura a layin masu bene, ka san akwai magana.

Wuta ma haka. Shekarata ta biyu da tarewa taransifomar layinmu ta ƙone. Mako shida muna cikin duhu, a ƙarshe dai mu muka yi karo-karo, gida-gida, aka gyara. Daga nan na haɗa sola da batura, wanda da tun farko na sa shi cikin lissafin gini da ban sha wahalar ba. Bayan wannan akwai kuɗin 'yan sintiri duk wata, da na kwashe shara, da na cike ramukan layi da ɓaraguzai duk damina, da na kwalbati. Kowanne ƙarami ne, amma in ka tara su sai ka ga sun kusa albashin wani.

Damina ita ce alƙalin sabuwar unguwa. Filin da ka gani da rani fes, a watan Agusta yana iya zama tafki, musamman in tsohon kududdufi ne aka cike ko hanyar ruwa ce aka toshe da gini. Awon igiya ya fi shan wannan, don ba a bar wa ruwa lambatu ba, lungun ma wani mota biyu ba sa wucewa. Kada ka yarda da sunan unguwa kawai. A Rijiyar Zaki ko Danbare ko Jaba za ka sami awon gwamnati, ka tsallaka layi biyu ka faɗa awon igiya, farashi kuma kusan ɗaya dillali zai faɗa maka in ya ga ba ka sani ba.

Sai gini kansa. Wanda bai taɓa gini ba yana ɗauka kuɗin bulo da siminti da rodi da kwano ne kawai. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma, gine-gine da yawa suka tsaya a linta, wasu har yau suna nan ciyawa ta cinye. In ba ka da lokacin tsayawa a kan magina da kanka, ko amintaccen da zai tsaya maka, gara ka sayi ginanne. In kuwa ginanne ne na 'yan gina-ka-sayar, ka zo da injiniyanka ya duba tushe da rufi da wayoyi, don fenti da fitilun silin suna rufe aibi mai yawa.

Hanya ta danganta da ɓangaren da ka zaɓa. Gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya sun rage wa mutanen titin Gwarzo wahala, haka gadar Hotoro ga na titin Maiduguri, amma mai fita Kwari kullum daga bayan sabuwar jami'a ya shirya wa cunkoson safe da na magariba. Ga malamin jami'ar Bayero kuwa, Danbare tamkar tsakar gidansa ce.

Rukunin gidaje: Kwankwasiyya, Amana, Bandirawo da ire-irensu

Waɗannan ukun gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ce ta gina su a zangonsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015: Kwankwasiyya da Amana a kan titin Zariya, Bandirawo a kan titin Katsina. Bayan su akwai ƙananan rukunai na 'yan kasuwa masu get ɗaya da maigadi, suna ta fitowa a gefen gari.

Abin da kake saya a nan tsari ne. Tituna a shimfiɗe, magudanan ruwa a gine, gidaje a jere, ba mai tashi ya kafa injin niƙa ko gidan burodi a jikin katangarka. Ba ruwanka da rigimar magina. Takarda tana da asali guda, sai dai in daga hannu na biyu ko na uku kake saya, ka bi sarƙar cinikin tun daga wanda aka fara ba wa.

Raunin wurin shi ne mutane. Shekaru da dama gidaje da yawa a waɗannan birane suna kulle, masu su sun saya sun ajiye kamar gwal, har a 2025 gwamnatin jiha ta ba su wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. Gida a layin da ba kowa, komai kyansa, uwargida ba za ta so kwana a cikinsa ba ran da ka yi tafiya, kuma ɓarayin wayar wuta da famfo sun fi son irin wannan layin. Don haka kada ka je duba gida da rana tsaka. Je ka bayan isha'i ka ƙirga gidajen da ke da haske, ka ga sahu nawa ake yi a masallaci.

Nisa ma abin dubawa ne, ko da yake titin Zariya yana da abin da ke jan gari zuwa can: asibitin Malam Aminu Kano yana kan hanyar, 'Yan Lemo na Na'ibawa, ga kasuwar magunguna ta Dangwauro da aka mayar da 'yan magani daga Sabon Gari. Mai harka a Dawanau kuwa Bandirawo ta fi masa ko'ina. Kuma dattawa za su gaya maka gidajen Kundila ma a da bakin gari ne, yau suna tsakiya. Sai dai wannan lissafin mai haƙuri ne, wanda zai iya jira.

A rukunan 'yan kasuwa ka nemi a rubuta maka kuɗin hidima na shekara, da wanda ke da ikon ƙara shi, da abin da aka hana: wasu ba a kiwo, wasu ba a ƙara gini, wasu ba a kafa rumfar biki a layi.

Zama a cikin gari a gyara na gado

Mutane suna raina wannan zaɓin, ni kuwa ban raina shi ba. Mai gida a Yakasai ko Koki ko Mandawari ko Gwale yana da abin da kuɗi ba sa saya a Danbare: in matarsa ta haihu gidan cika yake kafin azahar, in rasuwa aka yi ba ya neman masu ɗaukar makara, yaransa suna tashi a gaban kakanni, majalisarsa tana ƙofar gida. Kurmi da Wambai da Kwari da asibitin Murtala duk a ƙafa ko adaidaita sahu ɗaya. Kuɗin zama shi ne mafi sauƙi.

Abin da zai haƙura da shi: lungun da mota ba ta shiga, kwata a ƙofar gida, sayen ruwa a jarka, hayaniya, da fitinar 'yan daba da ƙwacen waya a wasu unguwannin. Babban haɗarin kuma gado ne. Kada ka zuba miliyoyi a gidan da ba a raba ba. A je kotu a raba, ka sayi kason 'yan'uwa a rubuce da shaidu, sannan ka kira birkila. Na ga zumuncin shekara hamsin ya watse a kan bene ɗaya da aka ɗora bisa soron kaka.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Tsohuwar GRA | Sabuwar unguwa | Rukunin gidaje | Cikin gari |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Mafi tsada | Matsakaici zuwa tsada | Matsakaici zuwa tsada | Mafi sauƙi in kana da kaso |
| Kuɗin zama | Mai yawa | Mai yawa, a warwatse | Matsakaici, ga kuɗin mai | Kaɗan |
| Takarda | Mai ƙarfi, a kula da tsagi | Ya danganta da awo | Asali guda | Sau da yawa ta gado ce kawai |
| Ruwa da wuta | Sun fi samuwa | Kai za ka samar | Ya danganta da rukuni | Jarka da haƙuri |
| Hanya zuwa kasuwa | Kusa | Nesa kaɗan ko sosai | Mafi nisa | A ƙafa |
| Tsaro | Mai kyau | Sai da 'yan sintiri | Sai layin ya cika | Idon jama'a, amma akwai daba |
| Mutane | Kowa tasa | Tsara, ana sabawa | Ƙalilan tukuna | Dangi |
| Daraja nan gaba | Tabbatacciya | Mai saurin hawa | Sai an jira | A hankali |

Wa ya dace da ina

In kuɗi ba matsalarka ba ne, harkarka kuma tana tsakanin ofisoshin gwamnati da bankuna da filin jirgi, Nasarawa ko Bompai, ba sai an yi dogon zance ba. Haka wanda ke neman inda zai adana dukiya ya sayar cikin sauƙi ran da ya so.

In kana da yara ƙanana, kana son gida irin zanenka, kuma kana da juriyar gini da taron unguwa, sabuwar unguwa ce taka, amma awon gwamnati, a ɓangaren garin da aikinka yake, kuma ka ware kuɗin burtsatse da sola tun kafin na tayil. Mai ƙaramin ƙarfi da dole sai awon igiya, ya zaɓi fuloti mai fuskantar babban layi, a kan tudu, ya fara neman takardar gwamnati tun bai yi tushe ba.

In kana zaune a Abuja ko Legas ko ƙasar waje, kana son gidan da za ka sauka da sallah ba tare da ka bar wa ɗan'uwa aikin gini ba, ko aikinka yana titin Zariya ko Dawanau, rukunin gidaje ya fi maka, a layin da mutane suka riga suka tare.

In iyayenka sun tsufa suna cikin gari, kai ne kuma mai duba su safe da yamma, ka zauna kusa da su ka gyara, ka sayi fili a waje ka kewaye shi ya jira ka. Tsofaffinmu ba sa son tashi daga inda aka san su, kai kuma zirga-zirgar za ta gajiyar da kai kafin shekara.

Shi ƙanin nawa, da muka zauna muka lissafa man da zai sha daga Kwankwasiyya zuwa Kwari sau shida a mako, da kai yara makaranta, da zuwa gaida Hajiya kullum, sai ya ajiye maganar can. Nasarawa kuma ta fi ƙarfin jarinsa in ba zai taɓa kuɗin shago ba. Yanzu ya kama hayar shekara ɗaya a wajen Tudun Yola, daga watan Maris, don bazara da damina duk su same shi a can, ya ga yadda burtsatse ke yi a Mayu da yadda layin ke yi a Agusta. Fulotin Danbare kuma ya karɓi lambarsa, ranar Litinin zai kai KANGIS.